Wane antibodi za a saya don aikin DNMT1, DNMT3A da DNMT3B a ɗakunan gwajinmu na arewacin Kamaru da Cadi?

Antibodi furotin ne da ake amfani da shi wajen kamo wani furotin na musamman a gwaji. Ƙaramar kwalbarta mai mikrolita 100 takan kai Yuro 400, wato sefa 262,000 da ɗoriya a kan tsayayyen canjin sefa 655.957 ga Yuro ɗaya, kafin a zo maganar kuɗin jirgi da na duwan, wato kwastan. Ga ɗalibin digiri na uku a Ngaundere, ko likitan nazarin nama a Garwa ko Injamena, wannan saye ne na sau ɗaya. Idan aka ɗauko wadda ba ta dace ba, ba kuɗin kaɗai ya tafi ba. Watanni sun tafi, naman marasa lafiya da aka sha wuyar tarawa ya ƙare, kuma mafi muni shi ne a samu sakamako mai kyan gani wanda ba gaskiya ba ne. Shi ya sa muke ganin kada a fara da tambayar wane kamfani ne ya fi. A fara da tambaya uku: wane enzayim ake nema, wane yanki na jikinsa antibodin ke kamawa, kuma a wane irin gwaji za a sa ta.

Enzayim ɗin da ake farauta

DNMT1, DNMT3A da DNMT3B enzayim ne, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai a cikin sel. Aikinsu shi ne ɗauko ƙullin metil daga sinadarin SAM su liƙa shi a kan kabon na 5 na sitosin, ɗaya daga cikin haruffan DNA, galibi inda sitosin ke gaba da guwanin a jikin DNA. Idan wannan liƙi ya taru a bakin ƙwayar gado, sai ta yi shiru. A ciwon daji abin yakan zo ta fuska biyu. Metil yana raguwa a faɗin DNA baki ɗaya, kamar yadda Feinberg da Vogelstein suka nuna a 1983, sannan yana taruwa a bakin ƙwayoyin gadon da ke taka wa ciwon birki, irin su CDKN2A, RASSF1A, GSTP1 da MLH1.

Wannan ba ilimin nesa ba ne a gare mu. Kansar hanta da ke biyo bayan ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoksin ta ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, kansar bakin mahaifa, da limfomar Burkitt ta yara, duk suna cikin abin da asibitocinmu ke gani. Furotin HBx na ƙwayar cutar hanta yana ɗaga DNMT1 da DNMT3A, E7 na HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, yana kama DNMT1 kai tsaye, LMP1 na EBV, mai alaƙa da limfomar Burkitt, shi ma yana ɗaga shi.

DNMT1 shi ne mai kwafe zanen metil zuwa sabon zaren DNA duk lokacin da sel zai rabu biyu, tare da taimakon UHRF1. Yana da amino asid 1616, kuma a jel ɗin da ke raba furotin bisa girmansu yakan tsaya wajen kDa 190 zuwa 200, kDa kuwa ma'aunin nauyin furotin ne. DNMT3A da DNMT3B su ne masu sa sabon metil inda babu. DNMT3A yana da amino asid 912, lissafi ya ba shi kDa 102, amma a jel yakan fito wajen kDa 130. Wanda bai san haka ba zai yi ta neman layi a kan 100, ya samu wani abu dabam ya rungume. DNMT3B yana da amino asid 853, wajen kDa 96. DNMT3L ba ya liƙa metil da kansa, mataimaki ne. Shi kuwa DNMT2 suna ne kawai ya haɗa su, tun 2006 aka gane cewa tRNA yake yi wa aiki, don haka kada arharsa a kundin kamfani ta ja kowa.

Iri uku na antibodi

Polikulonal ita ce wadda ake tacewa daga jinin zomo ko akuya bayan an yi wa dabbar allurar furotin ko guntunsa. Taron antibodi ne iri-iri, kowace na kama nata wurin. Saboda haka takan ba da alama mai ƙarfi, kuma ko fomalin ya rufe wani wurin kamun, wasu suna nan a buɗe. Ita ce kuma ta fi sauƙin kuɗi a mafi yawan lokaci. Aibinta shi ne jinin dabba yana ƙarewa. Zubin da aka saya bana ba lallai ya zama irin na baɗi ba, ko da lambar kundin ba ta canza ba. Ga wanda odarsa ke ɗaukar watanni kafin ta iso, kuma bincikensa zai kai shekara uku, wannan babbar matsala ce: rabin samfura da zubi ɗaya, rabi da wani, sai bambancin zubi ya yi kama da bambancin marasa lafiya.

Monokulonal ta ɓera tana fitowa ne daga sel guda da aka haɗe da sel na ciwon daji don ya yi ta haihuwa, dabarar da Köhler da Milstein suka fito da ita a 1975. Wuri ɗaya take kamawa, kuma zubi da zubi sun fi daidaita. A fagen DNMT akwai tsofaffin kulon, wato zuriyar sel guda mai yin antibodi, da za a yi ta cin karo da su a takardun bincike: 60B1220.1 na DNMT1, 64B1446 na DNMT3A, da 52A1018 na DNMT3B. Abin lura, kamfanoni da yawa suna sayar da kulon ɗaya a ƙarƙashin lambobi dabam-dabam. Mutum zai iya sayen kwalba biyu daga kamfani biyu yana zaton ya samu shaidu biyu, alhali abu ɗaya ya saya sau biyu. A duba sunan kulon, ba lambar kundi ba.

Ta uku ita ce rikombinan, yawanci ta zomo. An karanta jerin ƙwayar gadon antibodin, ana kuma sarrafa ta a sel na ɗakin gwaji, don haka ba ta dogara da ran dabba ko lafiyar tsohon kulon ba. Monokulonal na zomo irin D63A6 na DNMT1, D23G1 na DNMT3A da D7O7O na DNMT3B, na kamfanin Cell Signaling Technology, suna cikin waɗanda ake yawan amfani da su, kuma Abcam na da nasa jerin masu farawa da EPR. A 2023 ƙungiyar YCharOS da ke Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, tana kwatanta sel na asali da sel da aka cire wa ƙwayar gadon. Rikombinan suka fi sauran iri biyun cin gwaji. Furotin ɗin da suka duba na ɓangaren ƙwaƙwalwa ne, ba DNMT ba, amma darasin ya shafe mu, musamman da suka gano cewa antibodi da suka faɗi gwajin ma an riga an wallafa takardu da yawa da su. Yawan ambato a mujallu ba shaidar inganci ba ne.

A ra'ayinmu, mai kuɗin kwalba ɗaya ya sayi monokulonal ta zomo, rikombinan in da hali. Polikulonal sai idan za a iya sayen abin da zai ishi aikin gaba ɗaya daga zubi guda, a rubuta lambar zubin a littafin labo.

Wurin kamu: nan ne ake yawan faɗuwa

Wannan shi ne sashen da ya fi cancantar a zauna a kansa, domin antibodi mai kyau ƙwarai za ta iya ba da amsar ƙarya idan wurin da take kamawa ba ya jikin nau'in furotin da ke cikin samfurin.

Akwai misali sananne. A shekarar 2000 aka wallafa cewa an cire DNMT1 daga sel na kansar hanji HCT116, kuma sel ɗin sun ci gaba da rayuwa da mafi yawan metil ɗinsu. Mutane suka ɗauka ashe DNMT1 ba dole ba ne. Sai a 2006 Egger da abokan aikinsa suka nuna cewa sel ɗin suna yin guntun DNMT1 wanda ya rasa wani yanki na wajen kai, wato farkon jerin amino asid ɗinsa, amma wutsiyarsa mai yin aikin tana nan da ranta. Antibodin da ke neman wajen kai ba ta ga komai ba, mai neman wajen wutsiya ta gan shi. Da aka cire enzayim ɗin ɗungurungum a 2007, sel ɗin mutuwa suka yi. Shekara shida ana gini a kan layin da bai fito a jel ba.

A DNMT3A matsalar ta fi haka sarƙaƙiya. Akwai gajeren nau'i, DNMT3A2, wanda aka bayyana a 2002, ya rasa amino asid sama da 200 na farko, yana tsayawa wajen kDa 100. Shi ne ya fi yawa a sel na asalin tayi da wasu nau'o'in kansa na maraina. Antibodin da ke kama wajen kai ba za ta taɓa ganinsa ba. Kulon 64B1446 yana ganin dogon da gajeren duka. To sai a ce a sayi mai kama wutsiya kawai a huta? Ba nan take ba. Wutsiyar DNMT3A da ta DNMT3B sun yi kama sosai, domin nan ne injin liƙa metil yake, wajen kai ne suka fi bambanta. Mai kama wutsiya tana iya kama ɗan'uwan, kuma DNMT3A2 da DNMT3B suna tsayawa kusa da juna a jel, tsakanin kDa 95 da 100. Layi ɗaya a wannan wurin ba ya faɗin sunansa.

DNMT3B kuma yana da nau'o'i sama da 30 da ke fitowa daga yankan RNA. DNMT3B3, wanda ya yawaita a naman manya, ya rasa wani ɓangare na injin, ba ya liƙa metil shi kaɗai. DNMT3B7 guntu ne da ake samu a sel na ciwon daji. Idan aka ga layuka biyu ko uku, ba lallai datti ba ne, kuma ba lallai nau'o'in gaske ba ne.

Abin yi a aikace: kafin a biya, a buɗe takardar bayanin antibodin a nemi inda aka rubuta yankin da aka yi wa dabbar allura da shi. A ɗauki lambobin amino asid ɗin a kwatanta da jerin nau'o'in a UniProt, rumbun bayanan furotin na intanet, kyauta ne, wayar hannu ma ta isa. Idan kamfanin ya ɓoye yankin, a rubuta musu a tambaya ko wajen kai ne ko tsakiya ko wutsiya. In sun ƙi faɗa, a nemi wata.

Sai kuma abin da babu antibodin gama-gari da za ta nuna. Sauyin R882H na DNMT3A, wanda ya shahara tun 2010 a kansar jini ta AML, inda ake samun sauye-sauyen DNMT3A a wajen kashi 20 cikin 100 na marasa lafiya, amino asid ɗaya ne kawai ya canza. Furotin yana nan da girmansa, layi zai fito cas, amma aikinsa ya gurgunce. Mai wannan tambayar karanta jerin DNA yake buƙata, ya adana kuɗin antibodi.

Westan bulot

Wannan shi ne gwajin da ake raba furotin a jel, a kwashe su zuwa takarda ta musamman, antibodi ta nuna layin wanda ake nema. Nan ne ya kamata kowace sabuwar kwalba ta fara, ko da rinin nama za a yi da ita daga baya, domin jel ne kaɗai ke nuna girman abin da aka kama.

Enzayim ɗin a cibiyar sel suke, manne da kuromatin. Idan aka fasa sel da ruwa mai laushi aka juya a injin aka zubar da gurɓin ƙasa, an zubar da rabin abin da ake nema, musamman DNMT3A da DNMT3B. A yi amfani da ruwan fasa sel mai ƙarfi, RIPA, tare da girgiza da sauti ko enzayim mai narkar da DNA, ko a ware cibiyar sel tukuna. Komai a kan ƙanƙara, da magungunan hana furotiyes da aka zuba a lokacin. DNMT1 ba ya jure zafi, kuma a watan Maris da Afrilu, sa'ad da Garwa da Injamena ke haura digiri 40, minti kaɗan a kan tebur ya isa ya mayar da layi ɗaya na kDa 190 zuwa tsani na guntaye. Mutane da yawa kan zargi antibodi a kan wannan, alhali samfurin ne ya lalace.

A ɗora mikrogiram 20 zuwa 40 a kowane rami, a jel na kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Jel na kashi 12 zai cunkushe manyan furotin a sama. Wajen kwashewa zuwa takardar PVDF mai ƙofa mikromita 0.45, a zaɓi hanyar jiƙa, a rage metanol zuwa kashi 10, a ƙara SDS kashi 0.05. An saba yin bolt 30 na dare guda a digiri 4. Inda wuta ke ɗaukewa da dare, gara bolt 100 na minti 90 da rana, tankin a cikin bokitin ƙanƙara, janareta a kusa. A rina jel ɗin bayan an gama don a ga ko babban furotin ya fita ko yana nan maƙale. A toshe da madarar gari marar mai kashi 5 a TBST, a sa antibodi 1:1000 ta kwana a firji. Don daidaita lodi, lamin B1 mai wajen kDa 68 ya fi dacewa. Histon H3 mai kDa 17 zai zube daga ƙasan jel na kashi 6.

A wannan gwaji monokulonal ta fi polikulonal tsabta. Lissafin kuɗi kuma: mikrolita 100 a 1:1000 mililita 100 ne. A kwano, mililita 10 kowane bulot, sau 10 kenan. A ledar da aka liƙe da zafi, mililita 3 ta isa, sai ya zama sau 30 da wani abu. Idan aka tsarma ta a BSA kashi 5 da sodiyom azayid kashi 0.02, za a iya maimaita ruwan sau biyu ko uku a firji. Amma azayid yana kashe HRP, enzayim mai ba da alama da ke manne da antibodi ta biyu, wadda ke kama ta farko, don haka kada ya kusance ta.

Rinin nama a gilashi

Mafi yawan abin da ke hannunmu a wannan yanki naman da aka daskarar a kakin farafin ne, don haka wannan gwajin ne zai fi amfani, kuma shi ne ya fi saurin yaudara.

Antibodin da ta yi kyau a jel ba dole ta yi a nan ba. A jel furotin a miƙe yake, a nama kuwa fomalin ya ɗaure shi. A nemi wadda takardarta ta ce an gwada ta a naman farafin na ɗan Adam, da hoto. Monokulonal na zomo sukan fi na ɓera ƙarfin kamu a nan. Polikulonal tana da uzuri ɗaya na gaske: idan naman ya daɗe a fomalin fiye da kima, yawan wuraren kamunta na iya ceto alamar.

Wannan uzurin ba ƙarami ba ne a wurinmu. Ƙa'ida ita ce nama ya shiga fomalin na kashi 10 mai daidaitaccen tsami cikin awa ɗaya da yankewa, ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10, ya zauna awa 6 zuwa 72. Amma kwalbar da ta taso daga asibitin gunduma a Arewa Mai Nisa, ta bi mota zuwa Marwa ko Garwa, wani lokaci har Yaunde, takan yi makonni. Fomalin da aka tsarma da ruwan famfo yana komawa tsami a zafi, ya ɓata furotin, ya bar baƙin ɗigo a nama. Duk binciken da zai kwatanta naman ciwon daji da lafiyayyen nama dole ya rubuta kwanakin da kowane samfuri ya yi a fomalin, in ba haka ba abin da za a auna shi ne nisan hanya. Ɓargo da aka tausasa da asid shi ma yakan rasa alamar, EDTA ya fi.

A yanka mikromita 3 zuwa 4, a rina cikin 'yan makonni da yankewa. A gwada buɗe wurin kamu da ruwa biyu gefe da gefe, sitiret mai pH 6.0 da Tris-EDTA mai pH 9.0. Tukunyar matsi ta girki tana yin aikin, minti 3 bayan ta kai cikakken matsi. A kashe faroksides na naman da haidurojin faroksayid kashi 3 na minti 10. A hanta da ƙoda kada a yi amfani da hanyar abidin da bayotin, domin naman yana da nasa bayotin mai yawa, sai komai ya rinu. A sayi hanyar folima. A hantar mutanen yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa akwai baƙin launin hemozoyin, a fata kuma akwai melanin, dukansu suna kama da launin ruwan ƙasa na DAB, rinin da ke nuna inda antibodi ta kama. Gilashin da ba a sa masa antibodi ta farko ba shi zai raba gardama, ko a koma launi ja.

Alamar gaske a cibiyar sel take. Idan aka ga jikin sel ya rinu cibiya fari fat, a ɗauka kuskure ne har sai an tabbatar da akasin haka. Don shaida, tsakiyar ƙullin limf na tonsil yana ba da DNMT1 sosai, kuma tonsil ba ya wuyar samu a sashen tiyatar maƙogwaro. A 1:200, da mikrolita 150 kowane gilashi, kwalba ɗaya za ta rina wajen gilashi 130.

Akwai tarko ɗaya na fassara. DNMT1 yana ƙaruwa ne lokacin da sel ke kwafar DNA. Kansa mai saurin rabuwa za ta nuna shi da yawa ko da babu wani abu na musamman game da metil. A rina yanka na kusa don Ki-67, alamar sel masu rabuwa, a ba da sakamakon biyu tare.

ChIP da antibodin 5mC

Wanda ke son sanin ko enzayim yana zaune a bakin wata ƙwayar gado, ChIP zai yi, wato jawo enzayim ɗin da antibodi tare da guntun DNA da yake kai: fomaldihayid kashi 1 na minti 10, a tsayar da gilaisin milimola 125, a farfasa DNA zuwa tsawon haruffa 200 zuwa 500, a sa mikrogiram 2 zuwa 5 na antibodi. DNMT suna da wuyar kamawa ta wannan hanya, alamar takan fi ta IgG, antibodin kwatanci da ba ta neman komai, kaɗan ne kawai, kuma kwalba ɗaya ba ta wuce gwaji 10 zuwa 20. IgG1 ta ɓera ba ta kama Furotin A sosai, sai Furotin G. Idan babu injin sauti mai sanyaya da qPCR da wuta tsayayya, ba mu ba da shawarar a fara da wannan ba.

Sau da yawa ma tambayar mutum ba a kan enzayim take ba, a kan metil ɗin kansa take. Yawan DNMT ba ya nuna yawan metil. Don ganin metil na gaba ɗaya, antibodin 5mC, wato sitosin mai metil, kulon 33D3, ta fi kai tsaye, kuma gwajin ɗigo a takarda ba ya buƙatar jel. Sharaɗinta shi ne a raba zaren DNA biyu, da zafi a gwajin ɗigo, ko da HCl mai ƙarfin 2N na wajen minti 30 a nama, domin ba ta isa ga sitosin a rufaffen zare. Don ƙwayar gado guda kuwa, baisalfayit da PCR ya fi kowace antibodi, kuma DNA ya fi furotin jure tafiya da zafi. Sai dai baisalfayit ba ya bambance 5mC da 5hmC, wanda enzayim TET ke samarwa kamar yadda aka gano a 2009.

Tabbatarwa da abin da ke hannu

A 2016 wani kwamitin masana ƙarƙashin Mathias Uhlén ya tsara hanyoyi biyar na tabbatar da antibodi. Mafi ƙarfinsu ita ce a gwada ta a sel da aka cire wa furotin ɗin, layin ya ɓace. A takardar kamfani, wannan hoton ake nema: rami biyu, na asali da wanda aka cire, da jel ɗin gaba ɗaya ba yankakke ba.

Mai kiwon sel yana da hanya mai sauƙi ga DNMT1. Desitabin, maganin da Amurka ta amince da shi a 2006 don cutar ɓargo ta MDS, yana maƙale DNMT1 a jikin DNA har sel ya rushe shi. A sa mikromola 1 a kan HeLa ko HCT116 na awa 48 zuwa 72, ana sabunta shi kullum domin yana lalacewa a ruwa. Layin kDa 190 zai dushe sosai, wanda bai motsa ba kuwa ba DNMT1 ba ne. Maganin guba ne, mai juna biyu kada ta taɓa shi. Don DNMT3A da DNMT3B, sel NCCIT ko NTERA-2 suna da su da yawa. Wanda ba shi da ɗakin kiwon sel zai iya sayen ruwan sel na asali da na wanda aka cire wa ƙwayar gadon, wasu kamfanoni suna sayar da su a busasshe, ko ya nemi antibodi ta biyu mai kama wani yanki dabam ya ga ko za su yarda da juna. Toshe antibodi da guntun furotin da aka yi ta da shi shaida ce mai rauni: yana kashe alamar gaske da ta ƙarya baki ɗaya.

Daga Duwala zuwa firiza

Antibodi marar haɗi da wani enzayim tana jure 'yan kwanaki ba sanyi. Mako biyu a ɗakin ajiyar duwan, sannan jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan mota zuwa Garwa ko ta Kusiri zuwa Injamena, wani abu ne dabam. A shirya takardun fitarwa kafin kayan su taso, a sa na'urar rubuta zafi a cikin kwalin, a guji odar da za ta iso a tsakiyar bazara. Antibodi ta biyu mai HRP da ruwan ECL mai ba da haske sun fi ta farko saurin mutuwa. Idan bulot ya fito fari, a ɗiga ta biyun kai tsaye a cikin ECL a duhu kafin a yanke wa mai tsadar hukunci.

Wadda ta zo a gilisarol kashi 50 ba ta daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifiri, don haka ɗaukewar wuta ba ta jefa ta cikin daskarewa da narkewa, kuma ba a rarraba ta. Wannan babbar fa'ida ce a nan. Wadda ba ta da gilisarol a raba ta mikrolita 10 zuwa 20 a ƙananan bututu tun ranar farko. Busasshiya ta fi kowace jure hanya. Firizar gida mai narkar da ƙanƙara da kanta ba ta dace ba, gara ta kwance mai murfi a sama, cike da robobin ƙanƙara, kwalbar a can ƙasa cikin akwati.

Kamfanoni da dama suna sayar da ƙaramin awo na gwaji, mikrolita 10 ko 20. Ga DNMT3A da DNMT3B, inda nau'o'i da kamanni suka fi rikitarwa, ƙanana biyu masu kama yanki dabam-dabam sun fi babba ɗaya amfani a odar farko. Ga DNMT1, monokulonal ta zomo guda ɗaya da aka gwada a jel da naman farafin, tare da Ki-67, ta isa a fara. A cikin takardar bincike a rubuta sunan kulon, lambar kundi, lambar zubi, lambar RRID ta rajistar kayan bincike da yawan tsarmawa, don wanda ke Marwa ko Mundu ya iya maimaita aikin da kwalba irin taku.